Marigayi Francis Bebey: Daga Jita Zuwa Kiɗan Na'ura

Gabatarwa

A hutun da ya wuce na halarci bikin auren wani maƙwabcinmu a unguwar Kurmin Sarki da ke garin Suleja. An kafa rumfa, an jera kujeru, an tayar da janareta, sai wani saurayi da bai wuce sa'ana ba ya ɗora fiyano a kan tebur ya danna maɓalli. Nan take ƙarar ganga da sarewa da algaita ta fito daga lasifika, mata suka cika fili. A can gefe, ƙarƙashin darbejiya, akwai wasu dattawa biyu zaune, kowanne da kalangunsa a cinya. Ba wanda ya kira su fili, ba kuma wanda ya kore su. An gaya mini cewa ɗaya daga cikinsu shi ne ya yi kiɗa a bikin mahaifin angon. Da la'asar sakaliya suka miƙe suka tafi, abin da suka samu bai wuce kuɗin mota ba.

Da muka dawo makaranta sai na tarar da wannan magana a ajinmu na waƙar baka. Wasu na cewa fiyano ta kashe kiɗan Hausa, wasu kuma na cewa zamani riga ne, dole a saka. Ni kuwa na rasa inda zan tsaya. Ba da Hausa na buɗi baki ba, a titunan Suleja na koye ta, kuma rabin kalmomin da nake taƙama da su yau a bakin Mamman Shata na tsince su, daga kaset ɗin wani tela da ke kusa da gidanmu. Duk da haka, a cikin kwamfutata akwai manhajar haɗa kiɗa da nake ɓata dare a kanta. Ke nan ina da hannu a ɓangarorin biyu.

Wannan ne ya sa na zaɓi in kawo wa masu karatun wannan mujalla tarihin wani mutum wanda ba Bahaushe ba ne, ba ma ɗan Nijeriya ba ne, amma ya fuskanci wannan tambaya tamu shekaru hamsin da suka wuce, ya kuma amsa ta da aikinsa. Wannan mutum shi ne Francis Bebey, ɗan ƙasar Kamaru, marubuci, ɗan jarida, kuma makaɗin jita da ya zama ɗaya daga cikin 'yan Afirka na farko da suka yi kiɗa da na'urorin lantarki.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Francis Bebey ranar 15 ga Yuli, 1929, a birnin Duwala da ke bakin teku. A lokacin wannan yanki na Kamaru yana hannun Faransa, wadda ta karɓe shi daga Jamusawa bayan yaƙin duniya na ɗaya. Mahaifinsa fasto ne, gidansu kuma gidan talakawa ne mai yawan 'ya'ya. Kiɗan da ya fara sani shi ne na coci, waƙoƙin ibada da sautukan manyan mawaƙan Turai irin su Bach da Handel. A makarantar mishan da ta 'yan mulkin mallaka ana nuna wa yara cewa wannan shi ne kiɗa na ƙwarai, na gida kuwa abin kunya ne wanda ɗan boko bai kamata ya kusance shi ba.

Sai dai kunne ba ya da ƙofa. A unguwarsu akwai wani maƙwabci da yake kaɗa kayan gargajiya da dare, yaron kuma yana saurare. Daga nan ne ya fara gane cewa mutanensa suna da nasu kiɗan mai ƙa'ida da tsari. Kayan kiɗan da ya fara riƙewa shi ne banjo, wanda wansa Marcel ya ba shi. Wannan Marcel Bebey Eyidi likita ne kuma ɗan jarida, yana cikin waɗanda suka yi fafutukar 'yancin Kamaru. Daga banjo sai Francis ya koma jita tun yana saurayi, kuma ita ce ta zame masa abokiyar tafiya har ƙarshen rayuwarsa.

Karatunsa da Aikin Rediyo

A farkon shekarun 1950 ya tafi Faransa ƙaro ilimi, inda ya karanta Ingilishi a jami'ar Sorbonne da ke Faris. A can ya haɗu da wani yaro ɗan garinsu mai suna Manu Dibango, ya buɗe masa kunne ga kiɗan jaz na baƙaƙen fatar Amurka. Dibango shi ne daga baya ya girgiza duniya da faifan Soul Makossa a 1972. A wannan zamani ne kuma Bebey ya ji kiɗan Andrés Segovia, gwanin jita ɗan ƙasar Sifen, ya ga yadda jita guda a hannun mutum guda take cika zaure ba tare da ganga ko 'yan amshi ba. Wannan ya sa ya duƙufa wajen ƙwarewa a kanta.

Amma abincinsa a aikin jarida yake. Ya yi aiki da Sorafom, hukumar da Faransa ta kafa domin gidajen rediyon ƙasashen da take mulka. Wanda ya kafa wannan hukuma shi ne Pierre Schaeffer, injiniyan da tun 1948 ya fara haɗa kiɗa da sautukan da aka ɗauka a na'ura, har da ƙarar jirgin ƙasa. Bebey ya ƙaro ilimin watsa labarai a Jami'ar New York da ke Amurka, ya kuma yi aiki a gidan rediyon Gana a zamanin Kwame Nkrumah. Aikin rediyo ya saba masa da makirufo da tef da yadda ake yanke sauti a haɗa shi. Mai karatu ya riƙe wannan a zuciya, domin zai yi amfani nan gaba.

A 1961 ya kama aiki da Unesco, hukumar ilimi da kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai hedikwata a Faris. Ya shekara goma sha uku a can, har ya kai ga shugabantar sashen kiɗa. Aikin ya ba shi damar zagaya Afirka yana sauraron makaɗan ƙauye da na fada, yana nazarin kayan kiɗansu.

Marubuci Kuma Makaɗin Jita

Mu ɗaliban adabi ya kamata mu san Bebey ko da bai taɓa riƙe jita ba. A 1963 ya wallafa littafi a kan aikin rediyo a Afirka. A 1967 ya fitar da ƙagaggen labarinsa na farko, Le Fils d'Agatha Moudio, wato ɗan Agata Mudiyo, labarin wani masunci da ya auri mata biyu, ɗaya domin cika wasiyyar mahaifinsa, ɗaya domin so. Littafin ya ci babbar kyautar adabi ta baƙar Afirka a 1968. A 1973 ya rubuta La Poupée ashanti a kan matan kasuwar Akara ta Gana, sa'annan a 1976 ya fitar da Le Roi Albert d'Effidi.

Littafin da ya fi shafar maganarmu shi ne Musique de l'Afrique na 1969, wanda aka fassara zuwa Ingilishi a 1975. A cikinsa ya bayyana kayan kiɗan Afirka, ya nuna matsayin makaɗi a cikin al'umma, ya kuma jaddada cewa kiɗan Afirka a ɗaure yake da harshe da sana'a da buki da ibada, ba a raba shi da rayuwar masu shi. Duk wanda ya san cewa kalangu na mahauta ne, garaya ta mafarauta, kakaki kuma na sarakuna, zai gane wannan magana ba tare da dogon bayani ba.

A ɓangaren kiɗa, faifansa na farko ya fito a 1965, jita ce zalla babu wani abu tare da ita. A 1968 ya fitar da Concert pour un vieux masque, inda ya haɗa jita da karatun waƙa. Yakan hau dandamali shi kaɗai, ya zauna a kujera, ya riƙa ɗauko zubin kiɗan ƙasarsa yana zuba shi a kan tsarkiyoyi shida, wani lokaci yana bugun jikin jitar kamar ganga. Haka ya yi suna a matsayin makaɗin jita mai natsuwa, wanda masu kwat da wuyan riga suke zuwa saurare.

Shigarsa Kiɗan Na'ura

A 1974, yana da shekara 45, ga mata ga 'ya'ya, Bebey ya ajiye aikin Unesco mai albashi da daraja domin ya rayu da kiɗa da alƙalami. Wannan ba ƙaramar kasada ba ce. Hayar situdiyo a Faris kuɗi ne, hayar makaɗa kuɗi ne, kamfanonin faifai kuma suna da irin kiɗan da suke so ɗan Afirka ya kawo musu. Sai ya mayar da wani ɗaki a gidansa situdiyo, ya kafa kamfanin faifai nasa mai suna Ozileka. Ya tara ogan mai lantarki, da na'urar buga ganga, da sintesaiza, wato na'urar da take ƙirƙirar sauti daga wutar lantarki ba tare da fata ko tsarkiya ko iska ba, da kuma rakoda mai layuka da yawa.

Ga yadda aikin yake. Zai kunna na'urar ganga ya ɗauki bugunta a layi na farko. Sai ya mayar da tef baya, ya saurari abin da ya ɗauka, ya ɗora jita mai kauri a layi na biyu. Ya sake mayarwa ya ɗora ogan, ya sake mayarwa ya ɗora muryarsa, wani lokaci ya sake ɗora muryar tasa a matsayin amshi. Da haka mutum ɗaya ya zama ƙungiya sukutum. Abin da samarinmu suke yi yau da kwamfuta a situdiyoyin Kano da Kaduna da Suleja, shi ne yake yi da tef a shekarun 1970, sai dai shi in ya yi kuskure babu maɓallin gyara, sai ya sake daga farko.

Waƙoƙin da suka fito daga wannan ɗaki suna cike da barkwanci. A cikin La Condition masculine ta 1976, wani magidanci ne yake kukan cewa matarsa ta waye ta fara neman 'yancinta, mai sauraro kuma yana dariya yana gane cewa mijin ake yi wa shaguɓe. Wannan waƙa ta samo masa kyautar Sacem, ƙungiyar mawaƙa da marubutan waƙa ta Faransa, a 1977. A cikin Agatha kuwa, miji ne baƙi mai mata baƙa da ta haifa masa farin jariri. Ya yi waƙa da Duwalanci da Faransanci da Ingilishi. Wanda ya san Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa, da yadda yake ɗaukar rayuwar ƙaramin mutum irin karen mota ya mayar da ita waƙa, zai ga dangantaka a nan. Dukansu biyu makaɗa ne da ba sa bukatar taro a bayansu, kuma labari ne jarinsu.

Abin lura shi ne, Bebey bai bar na'ura ta zaɓar masa kiɗa ba. Na'urar ganga takan zo da zubin da kamfani ya shirya mata, na rawar Turai da Latin Amurka. Shi kuwa sai ya ɗora mata zubin makosa na Duwala da sauran kiɗe-kiɗen da ya shekara yana nazari, har ta bi shi. Da bai san na gida ba, da abin da kamfanin ya zuba a akwatin shi zai riƙa fitarwa.

Komawa ga Sanza da Sarewa

Wani zai zaci wanda ya ɗanɗani sauƙin na'ura ba zai sake waiwayar itace da gora ba. Bebey ya waiwaya. A farkon shekarun 1980 ya rungumi sanza, wani ɗan akwatin katako mai jerin ƙananan ƙarafa da ake taɓawa da manyan yatsu. Ya kuma ɗauko ndehu, sarewar mutanen kurmin tsakiyar Afirka waɗanda Turawa suke kira Figmi. Wannan sarewa sauti ɗaya tak take fitarwa. Mai busa ta yakan busa sau ɗaya, ya rera da murya, ya sake busawa, da sauri, har kunne ya ji kamar mutum biyu ne suke amsa wa juna. Bebey ya koyi wannan dabara, ya kai ta situdiyonsa, ya zaunar da ita kusa da sintesaiza. Faya-fayansa irin su Africa Sanza da Akwaaba daga wannan zamani suka fito.

Bai tsaya nan ba. Shi ya yi kiɗan fim ɗin Yaaba na Idrissa Ouédraogo ɗan Burkina Faso, wanda ya fito a 1989. Ya ci gaba da rubutu, ya fitar da Le Ministre et le griot, wato minista da maroƙi, a 1992. Jitar nan ta farko kuma bai taɓa jingine ta ba, da ita yake hawa dandamali har tsufansa.

Rasuwarsa da Abin da Ya Biyo Baya

Francis Bebey ya rasu a Faris ranar 28 ga Mayu, 2001, yana da shekara 71. Ya bar 'ya'ya da suka gaje shi: Patrick da Toups makaɗa ne, Kidi kuma marubuciya, wadda ta rubuta littafi a kan rayuwar iyayenta a 2016.

Masu iya magana sun ce tsohuwar zuma da ita ake magani. A 2012 wani kamfanin Faransa mai suna Born Bad ya tattara kiɗe-kiɗensa na na'ura na tsakanin 1975 da 1982 a faifai guda, a 2014 kuma ya fitar da na sanza. Matasan da ba a haife su ba lokacin da aka yi kiɗan suka yi ta mamakin cewa a ɗakin gida aka yi shi. Ranar 15 ga Yuli, 2013, Google ya sa hotonsa a shafinsa domin tunawa da haihuwarsa. A 2017 ƙungiyar Arcade Fire ta ƙasar Kanada ta ɗauko busar sarewar da ke cikin The Coffee Cola Song ta saka a waƙarta Everything Now, ɗansa Patrick ne kuma ya busa musu.

Ina Ruwanmu da Wannan Tarihi?

Ruwanmu ne, domin a maƙwabtanmu ma an yi irin wannan. A Jamhuriyar Nijar, Mamman Sani ya sami ogan ƙirar Italiya mai suna Orla, ya riƙa zuba mata sautukan gargajiyar ƙasarsa. A 1978 ya ɗauki kaset a gidan rediyon ƙasa da ke Yamai, kiɗan nasa ya shekara da shekaru yana fita a rediyo da talabijin, sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi ga duniya. A Kano kuwa, a shekarun 1990 ne fiyano ƙirar Yamaha ta shiga situdiyo tare da bunƙasar finafinan Hausa, har ta haifi waƙoƙin da ake kira nanaye. Shata ya rasu a 1999, a daidai lokacin da fiyano take kafa sarautarta. Ɗanmaraya ya bi shi a 2015.

Bambancin da na gani shi ne, Bebey ya shekara fiye da ashirin yana sauraro da nazari kafin ya taɓa na'ura. Yawancinmu kuwa, har da ni mai wannan rubutu, mun fara da na'urar ne kafin mu san abin da za mu zuba mata. Mu ɗauki kalangu. Hausa harshe ne mai karin sauti, akwai na sama, akwai na ƙasa, akwai faɗau. Makaɗi yakan matse igiyoyin kalangu a hammatarsa ya sassauta, sautin ya hau ya sauka yadda muryar mutum take yi, shi ya sa yake iya kiran sunan mutum da takensa, mai taken kuma ya ji ya miƙe. Sautin kalangun da ke cikin fiyano kuwa bugu ne da aka ɗauka aka ajiye, in wanda ke danna shi bai san taken kowa ba, ƙara kawai zai yi. Laifin ba na akwatin ba ne kaɗai.

Mu mutanen Suleja muna da misali a gida. A 1954 Ladi Kwali ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a garinmu, lokacin ana kiransa Abuja. Ta zo ne tana gwanar ginin hannu irin na Gbagyi. Ta koyi juya yumɓu a kan na'ura da shafa ƙyalli da gashi a tanderun zamani, amma ba ta daina zanen ƙadangare da kunama da kifi a jikin tulunanta ba. Ta rasu a 1984, hotonta kuma yana bayan takardar naira 20. Sai dai akwai gaskiyar da ba za a ɓoye ba: tulun da aka shafa wa ƙyalli ba ya tsatsafo, don haka ba ya sanyaya ruwa. Ya yi kyau, ya shiga gidajen tarihi, amma ya bar wani aikin da na kakanninta yake yi.

Haka kiɗan na'ura yake. Ko a hannun gwani irin Bebey, mutum ɗaya ne yake yin aikin mutum shida, biyar ɗin nan kuma suna da iyali. Dattawan nan biyu na Kurmin Sarki suna cikin biyar ɗin. Tarihin Bebey bai warware wannan matsala ba. Abin da ya nuna shi ne, na'ura tana iya ɗaukar kiɗan gida ta kai shi inda bai taɓa zuwa ba, muddin mai ita ya zauna gaban masu kiɗan ya koya tukuna.

Kammalawa

Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu neman abin da za su rubuta kundin kammala digiri a kai. Kusan kowa a cikinmu yana da waya mai ɗaukar sauti da ta fi rakodar Bebey ƙarfi nesa ba kusa ba. A garuruwanmu akwai masu kukuma da gurmi da kotso da taushi da suka tsufa, 'ya'yansu sun kama acaɓa ko kasuwa. Mu je mu gaishe su, mu nemi izininsu, mu ɗauki kiɗansu da bayanin takensu, mu biya su haƙƙinsu. Masu situdiyo a cikinmu kuma su riƙa gayyatar su ɗaki ɗaya da fiyano, kamar yadda Bebey ya zaunar da ndehu kusa da sintesaiza.

Ni dai na tambayi gidan dattijon nan mai kalangu, an kwatanta mini. In Allah ya kai mu hutu mai zuwa, zan sayi goro in je in gaishe shi, in roƙe shi ya fara koya mini yadda ake riƙe gula. Allah ya sa mu dace, amin.